Tabarmin Makokin Hajiya Hasiya

Shekara ashirin da huɗu Malam Ladan ya yi a garin Germantown na Amurka yana aikin injiniya, kullum jirgin ƙasa ya kai shi Washington ya komo da shi. Mutum ne mai tsare sutura, ko ciwon kansa ba ya faɗa.

Da matarsa Hajiya Hasiya ta rasu ranar Talata, ya kawar da kujerun falo, ya shimfiɗa tabarmi shida domin masu ta'aziyya. Aka yi jana'iza, kowa ya ruga wurin aiki. Kwana uku daga shi sai ɗansa Fahad. Amma da Rumasa'u, yayar Malam, ta bugo waya daga Zariya, ya ce mata gida ba masaka tsinke.

Bayan shekara guda Fahad da abokansa suka fitar da faifan kiɗan da ake kira fank, wanda ba kome cikinsa sai dukan ganguna da kururuwa. Waƙoƙin duk na kaɗaicin zama a baƙuwar ƙasa ne, abin da Larabawa ke kira gurba. Hoton bangon faifan kuwa falon Malam ne, tabarmi shida ba kowa. Jikokin Rumasa'u suka nuna mata a waya, ta bugo wa Malam tana kuka.

Malam ya kira Fahad.

"Kai, marar mutunci! Kiɗan shaiɗan bai ishe ka ba, sai ka tona asirin gidana? Ka cire hoton nan, ko kada ka ƙara taka mini ƙofa!"

Fahad ya durƙusa, ya haɗa Hausarsa da ƙyar. "Baba, ƙarya na yi?"

"Ni kake tambaya?"

"Umma ta dafa wa mutanen nan abincin suna, ta dafa na biki. Ina suke? Kai ka yi shiru, ni na yi ihu."

Malam ya nuna masa ƙofa. Sai idonsa ya faɗa kan tabarmin da ke naɗe a kusurwa, ya tuna wanda ya zauna kusa da shi kwana ukun nan.

"Koma ka zauna," ya daka masa tsawa. Ya ɗauki waya ya kira Rumasa'u.

"Yaya, yaron bai yi ƙarya ba, ni na yi. Ba wanda ya zo."

Ya aje wayar, ya harari Fahad. "Gangunan nan dai, muddin ina numfashi, ba za su shigo gidan nan ba."