Kalandar da Ta Tsaya a Agusta

A layinsu na Kakuri, bayan masaƙa, ba mai kiran Ernest Gofwan da sunansa. Baba Kalanda ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Mutumin Pankshin ne, ya zo Kaduna yana saurayi da akwatin ƙarfe ɗaya, ya shekara ashirin da shida tsaye gaban injin saƙa har kunnensa na hagu ya daina ji. Ba ya sha, ba ya yawo. Cutarsa ɗaya ce, tara tsofaffin kalandu: ta coci, ta kamfanin sabulu, ta masu taya, ba ya yar da ko ɗaya. Yakan ce shekara zagayowa take yi, wata bayan shekara shida, wata bayan sha ɗaya, kwanan wata da ranar mako su sake haɗuwa daidai. Idan ka kuskura ka yi masa gardama ka shiga uku, don sai ya buɗe akwatin nan.

A farkon Janairun 1999, lokacin da gari ba shi da zance sai zaɓe da ko sojoji za su sauka, maƙwabcinsa Nuhu mai gyaran rediyo ya shigo da wata takarda da ake rabawa a kasuwa.

"Baban Judith, ka ga wannan? Wai watan nan Juma'a biyar ne, Asabar biyar, Lahadi biyar. Sai bayan shekara ɗari takwas da wani abu ake ganin irinsa. An ce alama ce."

Ernest ya yi tsaki, ya shiga ɗaki, ya tono can ƙasan akwati, ya fito da kalandar 1993. Ya ce, "Ƙirga da kanka. Shekara shida kacal. Ita da ta bana ba bambanci ko na kwana ɗaya."

Nuhu ya ƙirga da yatsa, ya sosa ƙeya. Da ya ga an kayar da shi, sai ya ce cikin wasa, "To ai shekarar da aka soke zaɓe ke nan. Ka ce mana ita ce ta dawo."

Nuhu ya faɗi maganarsa ya koma kan rediyonsa, bai san abin da ya taɓo ba. Wannan kalandar ta matar Ernest ce, Rhoda. Ita ce magatakardar Zumuntar Mata a cocinsu, kuma komai sai ta rubuta da shuɗin biro a gidan ranarsa. A Agustan 1993, da aka cika gari da jita-jitar yaƙi, kowa na kwashe kaya zuwa garinsu, Rhoda ta ce bari ta kai keken ɗinkinta gida ta dawo ta ɗauki 'yarsu Judith. Ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga wata, ta rubuta "Tafiya gida", ta shiga mota. Motar ba ta kai ba, hatsari ya ci ran Rhoda a hanya. Ernest ya sauke kalandar daga bango tana kan Agusta, bai ƙara buɗe ta ba sai ranar da gardama ta ja shi.

Mai hankali da sai ya mayar da ita akwati. Shi kuwa ina, sai ya mai da ita Janairu ya rataye. Ya shiga bin rubutun Rhoda kamar tana kicin tana ba shi umarni. Ranar da ta rubuta "A wanke barguna" ya wanke barguna. Ranar da ta rubuta "Kitson Judith" ya tura Judith kitso, budurwa mai shekara sha takwas, tana kallonsa tana girgiza kai. Aka yi zaɓe a Fabrairu, aka rantsar da farar hula a Mayu, mutane na ta murna a layi, shi hankalinsa bai kwanta ba. Daga aiki sai ya manna rediyo a kunnen dama, ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo. Kowane shafi ya juya, Agusta na ƙara matsowa.

Sai ga takarda daga makarantar koyon aikin jinya a Jos: an ɗauki Judith, ta hallara kafin Litinin, ashirin da uku ga Agusta, in ba haka ba a ba wata gurbin. Judith ta ce za ta tafi Asabar, ashirin da ɗaya ga wata.

Ernest ya ce, "Ba inda za ki."

"To Juma'a, Baba."

"Agusta dai Agusta ne. Ki bari Satumba."

"Makaranta ba za ta jira ni ba. Baba, kai ne kake wa mutane dariya kan irin wannan."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya ƙara fusata. Kuma ba wannan ne karon farko ba. A shekarar da uwarta ta rasu ma ta ci makarantar kwana, ya hana, ya sa ta a ta jeka-ka-dawo da ake zuwa da ƙafa. Shekara shida yarinyar nan ba ta wuce Gonin Gora da ke bakin garin Kaduna a mota ba. Yanzu ta daina cin abinci tare da shi, ta haɗa akwatinta ta ajiye a bakin ƙofa. Shi kuma ya wuce akwatin sau goma a yini kamar bai gani ba, tsoro na cinsa, kunya na cinsa.

Ranar Alhamis da safe, yana shirin fita aiki, ya tsaya gaban kalandar. Ya gaji da ganin Agusta, har ga Allah so yake watan ya wuce ko a takarda ne. Ya ɗaga shafin. Bai taɓa tunanin akwai wani abu a bayansa ba. Ashe Rhoda ta riga ta yi rubutu a Satumba, wuri ɗaya tak, a gidan Asabar sha ɗaya ga wata: "Judith makaranta. A soya gyaɗa. Baba ya raka ta tasha, kada ya ce aiki."

Ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ya yi kukan da bai yi ba ko a wurin jana'iza. Ranar bai je masaƙa ba. Ya sayo mudun gyaɗa, ya soya da kansa, ya ƙone rabi, gidan ya cika da hayaƙi har matar Nuhu ta leƙo.

Asabar da hantsi ya ɗora akwatin Judith a ka har tasha. Ya zagaya motar sau biyu yana danna tayoyi da ƙafa, ya dami direba da tambaya, ya sa shi ya yi alkawarin kawo saƙo. Mota ta tashi. Ya koma gida, ya ɗauki biro, ya rubuta a ƙarƙashin rubutun Rhoda na wannan ranar, "Judith ta tafi."

Lahadi ya je tasha kafin coci, ya koma bayan coci, ba direba. Litinin ya sake zuwa, ya zaga har masu sayar da burodi suka fara ba shi benci. Wajen azahar motar ta shigo da ƙura, direban ya miƙo masa 'yar takarda a ninke. Judith ta ce tana lafiya, an ba ta ɗaki, gyaɗar kuma ta yi ɗaci amma ta cinye.

Bai tsaya gaisawa da kowa ba a hanya. A gidan ashirin da ɗaya ga Agusta saura ɗan wuri kaɗan daga ƙasa. Ya matse rubutunsa, ya rubuta, "Ta isa."