Tambayar da Malam Hudu Ya Ƙi Yi

Ana sallame sallar asuba ranar Talatar nan muka ɗau hanya daga Birnin Kudu, ni da abokin aikina da direba. Ga wanda bai sani ba, ni ne mai tsara horon masu yi wa shanu allurar rigakafi a ƙungiyar da nake aiki. Abin da ya fitar da mu, rahoto ne ke ta zuwa cewa rugage sun daina karɓar ma'aikatanmu, alhali bara har fura ake dama musu.

Damina ta ja baya, an fara girbin gero dama da hagu. Hanyar Gwaram ba laifi, sai 'yan ramukan da direbanmu ya san kowanne kamar gidan surukansa. A Gwaram muka tsaya wajen mai shayi. Ƙosai ya rame kamar ya tashi daga jinya, kuɗinsa kuwa sai ƙiba yake. Muka ci muna mita, muka ƙara gaba.

Bari in faɗi laifina tun kafin mu isa. Wata huɗu da suka wuce aka ce in sabunta horon cikin mako guda. Na buɗe manhajar AI ɗin nan da ake yayi, na gaya mata abin da nake so. Kafin shayina ya huce ta jero mini matakai goma tsaf, har da jarrabawar gwaji. Wallahi har wani daɗi na ji. Na mai da su Hausa, na aika, ban nuna wa ko mutum ɗaya da ya taɓa taka kashin shanu ba. Mataki na farko cewa ya yi ka tambayi makiyayi yawan shanunsa, ka rubuta. Wanda ya tsallake shi ya faɗi, wanda ya faɗi kuma an sallame shi.

A Basirka muka ajiye mota muka hau babura, muka bi ta tsakiyar gonakin dawa har wata ruga. Arɗon wurin, dattijo siriri mai farin gemu, ya sa aka kawo mana kindirmo a ƙwarya. Sai da muka gaisa, muka sake gaisawa, sannan na kawo maganar. Ya dube ni ya ce:

“Malam, a ƙasar nan aka haife ka kuwa? Tun zamanin jangali ba a tambayar mutum yawan shanunsa. Mai ƙirga maka dukiya da baki, in ba haraji ba to kambun baka. Hudu ya fi shekara ashirin yana zuwa nan, bai taɓa tambaya ba. Kwalaben allurar da suka ƙare yake dubawa, ya san abin da ya yi. Ina kuka kai shi?”

Na tuna sunan: Hudu, mutumin Dingaya. Yana cikin jerin waɗanda suka faɗi, kuma ni na sa wa jerin hannu, ban ma san fuskarsa ba. Arɗo ya ce ciwon huhu ya shiga garken maƙwabcinsa, saniya uku aka yanka, amma sun gwammace haka da a zo musu da biro da takarda.

Nan take na hau wani tudu ina neman sabis, na kira shugabanmu. Da ƙyar ya yarda a mai da Malam Hudu bakin aikinsa. Na sayi goro da sukari a Basirka, muka nufi Dingaya, duk hanya ina ta tsara yadda zan durƙusa in ce Baba ka yafe ni. Abokin aikina har yana zolayata wai yau zai ga yadda ɗan boko ke roƙon gafara.

Bayan azahar muka isa. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidan da aka nuna mana, mutane zaune shiru. Sadakar ukun Malam Hudu ake yi. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a gefen tabarma da ƙullin gorona, na rasa wanda zan miƙa wa.

Da ƙanen mamacin ya ji daga inda muke, sai ya shiga gida ya fito da wani ƙaramin littafi. “Tunda aka sallame shi yake bitar nan,” in ji shi, “wai ya ji za a sake jarrabawar.” Na buɗe. Matakaina ne ya kwafe da ajami, rubutu mai kyau irin na ɗan gidan malamai. Tara ya yi musu bayani dalla-dalla. A ƙarƙashin na farko kuwa kalma huɗu kacal ya rubuta: “Wannan ba a tambaya.”

Nan hawaye ya ƙwace mini, a gaban mutane. Ban ce takardata ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma ya koma ga Allah yana ɗaukar kansa wanda ya faɗi, alhali duk cikinmu babu wanda ya kai shi sanin aikin.

Ana kiran magariba muka shigo Birnin Kudu. Ban daina amfani da manhajar ba, tana da sauri kuma tana rage wahala. Sai dai ba ta taɓa shan nono a ruga ba, ni kuma da ya kamata in tambayi waɗanda suka sha, ban tambaya ba. Yanzu duk abin da ta tsara sai tsofaffin ma'aikata sun zauna a kansa sun tsefe shi kafin ya fita daga hannuna.

Washegari na goge matakin farko, na sa yadda Malam Hudu yake yi, da sunansa a kai. Sababbin ma'aikata za su riƙa tambayata wane ne shi. Zan gaya musu shi ne malamin da na kayar. Allah ya jiƙansa.