Tatsuniyar da Na Katse wa Tasalla

Kakata Tasalla a tsallaken iyaka take zaune, a ƙasar Faransa kamar yadda muke cewa a lokacin. Duk shekara in an gama girbi sai ta biyo ’yan kasuwa a kan jaki, ta sauka gidanmu a Jibiya ta yi mana wata guda. Da an idar da sallar magariba muke zagaye murhu, ita kuma ta miƙe ƙafa tana tura kara cikin wuta. Doka ɗaya gare ta: in ta fara tatsuniya, wanda duk ya sa mata baki ya rufe ta ke nan, sai gobe. Ba ta faɗa, ba ta zagi. Bakinta kawai za ta kama, kuma ko kuka za ka yi ba ta buɗewa.

A shekarar da aka sa ni elementare, kaina ya kumbura, ina ganin duk gidan babu mai ilmina.

Ana gobe za ta koma, Tasalla ta ce ga wata tatsuniya nan ta kawo mana, muka ce ta iso. Wai a da can sama baƙa ce ƙirin, babu tauraro ko ɗaya. Wata mata tana tankaɗe, iska ta kwashe mata garin gero kaf, ta watsa shi sama. Inda garin ya dunƙule sai ya kama wuta, su ne taurari. Sauran kuwa yana nan warwatse cikin duhu. ’Yar matar ta ɗauki ƙwarya ta tafi tattaro shi, don babu abin da za su ci. Ta yi ta lalube ba ta ga komai ba, har ta gamu da wata tsohuwa.

Tasalla ta rage murya, ta ce, “Sai tsohuwa tac ce mata, ɗiyata, wanga gari ba a ganinai da ido. Kuka shikai, ƙasa-ƙasa. Ɗaga ƙwaryakki sama, ki kanga kunne. Yarinya ta ɗaga ƙwarya, ta yi tsit. Can sai taj ji…”

“Ƙarya ne!” in ji ni. “Malam ya ce babu komai tsakanin taurari. Kuma gari ba ya kuka.”

Ta dube ni, ta yi murmushi. “To, maigidana, tunda kai ka sani, mi za ni hwaɗi? Sai baɗi in da rai.”

Yayata Hadiza ta kai mini ranƙwashi. Na roƙi Tasalla, na ce wasa nake, har na yi alkawarin ɗauko mata ruwa daga rafi. Ta ci gaba da tura kararenta kamar ba da ita nake ba. Da safe na bi jakinta har bakin shingen kwastan ina magiya, ita kuwa sai dariya take tana cewa in koma kada malam ya neme ni. Kafin damina ta faɗi aka aiko mana ta rasu.

Na tambayi babata ƙarshen labarin, ta ce ba ta taɓa jin sa ba. Da na girma na je har ƙauyensu, tsofaffi suka yi ta kallona kamar na zare. Hadiza kuwa har ta bar duniya, in muka yi saɓani sai ta ce, “Kai da ka hana mu jin abin da yarinya ta ji.”

Abin haushin, ni ne na ƙare malamin kimiyya. Ranar da na karanta cewa sararin da ke tsakanin taurari cike yake da iskar haidurojin, wadda daga cikinta taurari suke dunƙulewa, sai da na ajiye littafin. Ido ba ya ganin ta, amma tana fitar da wata siririyar igiyar rediyo, tsawonta kusan taƙi ɗaya. A shekarun nan da nake yi wa kakata tsiwa masana suka fara kama ta, kuma na’urorin da ake sauraron ta da su, da yawansu ƙwarya ce ƙatuwa ta ƙarfe, an ɗaga ta sama. Ban ce Tasalla ta san haidurojin ba. Na dai san ta fi ni da malamina kusa da gaskiya.

Yanzu abin da masanan ke nema shi ne muryar iskar nan ta tun kafin tauraron farko ya kama. Ta yi doguwar tafiya, igiyarta ta ƙara tsawo, ta raunana, ta faɗo daidai zangon da tashoshinmu na rediyo suke ta surutu a kai. Masanan suna ta gudu daji da na’urorinsu don su sami wurin da mutane suka yi shiru, har yau ba su ji ta sosai ba. In na karanta kukan da suke yi da masu surutu, ba na iya taya su fushi, don na san irin mutumin da suke nufi.

Jikokina kan tambaye ni tatsuniya, nakan ba su wannan. In na kawo inda yarinya ta kanga kunne sai in tsaya. Su ba sa katse ni, yaran kirki ne. Suna zuba mini ido suna jira, ni kuma ba ni da sauran.