Gorar Masarar Daeng Nuntung

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Yuli, Daeng Nuntung na ƙauyen Bulu Tanete ya rasu, saura sati biyu mu hau dutse ƙidayar ƙarshe.

Daeng, shekara goma sha tara ina bin bayanka, ni ma'aikaciyar gandun daji, kai manomi, muna ƙirga ɗan furen nan da ake kira takalmin dutse, wanda ba ya fitowa sai a tsagar farin dutsenku. Ba ka iya rubutu ba. Duk tushe ɗaya sai ka jefa ƙwayar masara a gorar da ke rataye a wuyanka, idan mun sauko mu zazzage a tabarma, matarka Daeng Bau ta kawo kofi da soyayyiyar ayaba.

Shekarar da ofishinmu ya ɗaura jan ƙyalle a jikin kowane tushe, masu sayar da fure suka bi ƙyallen suka tumɓuke ɗari a sati guda. Ka kwance sauran da hannunka. Ka ce mini, "Ke 'yata, kun yi wa ɓarawo alama, saura ku ɗaukar masa kwando." Tun ranar ba ka sake yarda an rubuta wuraren ba, ka bar su a kanka.

Sai masararka ta kai ɗari tara. Hukuma ta ce fure ya farfaɗo, ta cire shi daga jerin tsirran da ake karewa, aka janye masu gadi, aka ce mu sa ido shekara biyar, in ya ragu a mayar da shi cikin jerin. Ranar na ga ranka ya ɓace. "Ashe ni na kashe shi," ka ce. "Da na sani, da na watsa wa kaji rabi." Amma ko ƙwaya ɗaya ba ka taɓa ɓoyewa ba.

Na gaji, Daeng. Na gaji da rubuta rahoton da ba a karantawa, gwiwoyina sun gaji da dutsen. Bana ce shekara ta biyar, ita ce za a duba.

Jiya Daeng Bau ta miƙo mini gorarka. Ashe kafin rasuwarka ka lallaɓa ka hau ƙidayar kai kaɗai da ciwonka. Na zazzage, ɗari biyu da sha ɗaya. Ofis ya ce masara ba shaida ba ce, sai na gani da idona. Na hau yau, na samu tushe arba'in. Ban sani ba, sun ƙare ne, ko ni ce ban san hanya ba. Wanda zan tambaya kuma yana ƙasa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Daeng Bau da 'ya'yanka haƙuri. Gorar tana wurina. Gobe zan sake hawa.