Tatsuniyar Hantsi

A unguwarmu ta Bungudu babu mai tatsuniya kamar kakata, Inna Tabawa. Da an yi magariba mu jikoki za mu zagaye murhunta, tana gasa gyaɗa tana zuba labari.

Gusau ba ta daɗe da zama hedikwatar jiha ba, motar da ta ɗauko Inna daga kasuwar Tsafe ta kife, kanta ya bugu. Ta rayu, amma magana ta tafi. Tana kallon ludayi, ta san shi sarai, sunan ya ƙi fitowa. Kawu Sale, babban ɗanta, ya ce in har girbin gero ba ta iya neman abin da take so da bakinta ba, zai rufe ɗakinta ya kai ta gidansa na Gusau.

Likita ya ce a riƙa sa ta magana. Ni na lura da hantsi harshenta ya fi saki, da yamma kuwa ta gaji. Na ce to a yi tatsuniya da hantsi. Goggo Hajo, ƙanwar babana, ta dafe ƙirji: "Da rana? Ɓata kuke so ku yi a daji?" Na ce, "Goggo, mu ɓata ɗin!"

Na zaɓo labarinta na tsohuwar da guguwa ta watsa wa kayan ɗaki a daji, kuma kowane kaya ba ya dawowa sai ta kira sunansa. Ni ke jan labarin, ita ke kiran kayan. Tukunya ta ci kwana uku. Tsintsiya ta ci mako. Ranar faifai Inna ta yi ta fama, leɓenta na rawa, gumi na zuba. Tausayi ya kama ni, na buɗe baki zan faɗa mata.

"Ke, yi min shiru! Ni zan hwaɗi!"

Magana cikakkiya, tiryan-tiryan! Goggo ta saki taɓarya ta rangaɗa guɗa, mu muna ta tsalle har maƙwabta suka leƙo. Da Kawu ya zo, da bakinta ta ce masa ya sha ruwa ya koma. Ta ƙara shekara tara a ɗakinta.

Sai da na haifi biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci. Duk sanda na tsaya a kan kalma, malama za ta ƙarasa min. Ran nan na ce, "Malama, don Allah ki jira ni." Ta jira. Na karanta abina.