Ranar da Indo Ta Kwance Goyo

Indo mutuniyar Ɗambatta ce, ta zo unguwar Nassarawa a Kano aikin raino a shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowa na rububin firji da abincin gwangwani. A gidan Alhaji Mahmudu, wani babban ma'aikaci, aka damƙa mata ɗansa Aƙilu.

To, masu rainon unguwar nan suna da wata doka tasu: ɗan masu gida ba ya taɓa ƙasa. Riga ta yi datti, laifinki ne. Gwiwa ta ƙuje, sai ki tattara komatsanki. Shi ya sa Indo take wuni da Aƙilu a baya, tana ɗura masa biskit jiƙe da shayi. So ne wallahi, amma son da ya yi ɓarna. Yaro ya kusa shekara biyu ko tsayuwa ba ya yi, ƙafafu kamar sillen kara. An yi rubutu, an yi tofi, shiru kake ji.

Ana haka sai wata ma'aikaciyar lafiya, Sista Lami, ta fara tara masu raino duk Laraba a gindin wani mangwaro wajen Giginyu. Wata Laraba Indo ta je da Aƙilu, wanda likita ya riga ya ce ƙashinsa lafiya lau. Sista ta matsa cinyarsa, ta dubi Indo.

"Iya, sauke shi ya yi wasa a ƙasa. Ki dama masa kunun gyaɗa, ki ba shi wake da zogale, da dafaffen ƙwai kullum."

"Ƙwai? Haba Sista! So kike ya tashi ɓarawo?"

"Ni da ƙwai aka yaye ni. Me na taɓa sace miki?"

Mata suka kwashe da dariya. Indo ta ji kunya, amma maganar ta shige ta.

Washegari ta shimfiɗa tabarma a bayan gida ta dire Aƙilu. Ya yi kuka kamar ana yanka shi, ita ma ta koma gefe tana share hawaye, amma ta ƙi ɗauka. Kwana goma ana haka Hajiya Sauda, uwar yaron, ta dawo daga unguwa ta tarar da ɗanta buɗu-buɗu da ƙasa, baki duk gwaiduwa.

"Indo! Ɗan nawa kika mayar ɗan ƙauye? Yau za ki bar gidan nan!"

Indo ta cije. "Hajiya, ni na zaunar da shi da goyo, ki bari in tashe shi. Ki ba ni wata biyu. In bai taka ba, da ƙafata zan tafi."

Hajiya ta ja tsaki ta shige ciki, amma ba ta kore ta ba.

Daga baya Indo ce ta zama mai koya wa sababbin masu raino a gindin mangwaron, shekara da shekaru. Amma ranar da ba ta gajiya da ba da labarinta ita ce wata Asabar da hantsi, sati shida da yin alkawarin. Wata zabuwa ta gilma, Aƙilu ya dafa turmi ya miƙe, ya saki, ya bi ta taga-taga har ya doshi bakin ƙofa. Hajiya ta rangaɗa guɗa daga taga. Indo kuwa ta runtuma da gudu, tana dariya tana kuka, tana faɗar abin da ta daɗe tana roƙon Allah ya nuna mata ranar faɗarsa:

"Kai Aƙilu! Dawo nan, ja'iri!"