Gulbi Mai Matakala

Jiya da hantsi wata babbar mota ta danna oda a hanyar Gusau, doguwar oda mai kauri, sai na tsinci kaina tsaye da ludayi a hannu ina laluben takalmi. Har na kai bakin ƙofa kafin in tuna ba jirgin ƙasa ba ne, kuma ba wanda ya aike ni tasha. Jirgi ya daɗe da daina zuwa Kaura. Ƙafafuna ne dai ba su manta da shekarar da gidanmu kaf ya koma sauraron kukansa ba.

Ina 'yar firamare a lokacin. Baba ma'aikacin safiyo ne, mai auna ƙasa. Mahaifinsa, wanda muke kira Kaka, yana zaune a wani ƙauye bayan Zurmi, dab da gulbi. Kowace damina gulbin nan sai ya ƙara gutsurar gaɓa, har ta kai in ka tsaya bayan rumbunan Kaka kana jin ƙasa na zubewa cikin ruwa. Baba ya sha roƙon a tashi a koma tudu. Dattawan ƙauyen suka ce wa zai tashi, wa zai zauna, wa kuma zai raba? In Baba ne ya ja layi da hannunsa, za a ce ya kare gidan ubansa ya kori na wasu.

Shi ya sa ya ce to, inji zai ja layin, tun da shi ba shi da dangi a garin.

Ya kwashe rani guda yana auna ƙauyen, nisan kowane gida daga ruwa, da tudunsa ko kwarinsa. Abin da ya rage shi ne a haɗa awon nan a fitar da taswira, da jan layi mai nuna inda ruwa zai kai in gulbi ya cika. Kada ka ɗauka irin kwamfutar yanzu nake nufi. Wannan tana Zariya, Baba ya ce ita kaɗai ta cika ɗaki, ɗakin kuma sanyi ƙalau kamar cikin randa. A gefenta akwai injin zane, mai hannun ƙarfe riƙe da alƙalami, yana yawo a kan takarda yadda aka umarce shi. Mu a Kaura abin da muke da shi injin huda kati ne kawai, a babbar makarantar gari. Baba zai rubuta umarninsa layi-layi, ya je ya huda kowane layi a kan kati guda, ya jera katunan a kwali, ya ɗaure da roba. Wani abokinsa ma'aikacin jirgi ya tafi da su. In jirgi ya juyo, ya dawo da amsa a nannaɗe.

Ka ga ke nan kuskure ɗaya, tafiyar jirgi ɗaya ce, zuwa da dawowa.

Ranar da naɗin farko ya iso, a tsakar gida aka warware shi, aka danne gefunansa da duwatsu. Takardar na warin tawada da man jirgi. Muka kewaye ta. Ba gulbi, ba gida, sai layuka a cukurkuɗe kamar zaren da akuya ta shiga. Baba ya duƙa a kanta har inuwa ta gusa. Sannan ya ce ya gane: ya gaya wa injin inda zai sa alƙalami, bai gaya masa inda zai ɗaga ba, shi ya sa ya yi ta jan layi daga wannan gida zuwa wancan ba tsayawa. Har dariya ya yi ranar.

Na biyu ya dawo fari fat, sai wani ɗan ɗigo a kusurwa kamar kashin ƙuda. Da Baba ya sa gilashin ƙara girma, sai ga ƙauyen duka a dunƙule a wurin. Ma'aunin ne ya kuskure. Wannan karon bai yi dariya ba, domin bazara ta riga ta shigo, zafi ya yi nauyi, da yamma kuma ana hango walƙiya can gabas.

Daga nan zama ya gagari Baba. Ya zauna kan tabarma, ya miƙe, ya leƙa zaure, ya dawo ya kalli sama. Tuwo sai ya huce a gabansa. Inna ta hana mu wasa kusa da kwalin katunan, don ya ce in ɗaya ya sauya wuri, aikin duka ya lalace. Ko kaza ta doshi wurin sai mu bi ta da gudu. Mu yara muka koyi tafiya a hankali a cikin gidanmu, kunnuwanmu na tasha. Jirgin kuma ba shi da alkawari. Wata rana ya zo a kan lokaci, wata rana a wuni ana jira, masu tallar gyaɗa da rake su gaji su watse. Da an ji kukansa daga nesa, Baba ya riga ya sa ƙafa a takalmi, mu kuma muna bayansa.

Naɗi na uku shi ne wanda ya kusa kwantar da shi. Da farko murna muka yi, don ga ƙauye ya fito sosai: ga masallaci, ga rijiya, ga gidaje a jere. Amma gulbin, maimakon ya lanƙwasa yadda muka san shi, sai ya sauko daki-daki kamar matakalar bene. Jan layin ma haka, yana tsalle. Ya jefa masallacin da ke kan tudu cikin ruwa, ya bar gidajen kwari a bushe. Abin da ya fi damun Baba, injin bai yi ƙorafin komai ba. A can baya akan sami ɗan saƙo a ƙasan takarda cewa wani layi bai yi ba. Wannan karon a wurin injin komai daidai ne.

Aka yi rashin sa'a, Kaka ya shigo Kaura cin kasuwa a makon. Ya tarar da takardar a shimfiɗe. Ya dogara sandarsa, ya kalle ta, ya kalli ɗansa.

"Wanga shi ne gulbinmu?"

"Akwai gyara," in ji Baba.

"To in an gyara a kira ni. Ni dai ban taɓa hawa matakala na ɗebo ruwa ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba, amma da na kalli Baba sai na ga kamar an zare masa laka. Kaka ya koma ƙauye ya ci gaba da gyaran rumbunansa a inda suke.

Baba ya bi umarnin da ya rubuta wa injin layi-layi, ya sake bi, bai ga aibu ba. Ya share wani wuri a tsakar gida, ya mai da kansa injin: ya ɗauki awo, ya yi lissafin da hannu, ya dangwala tsinke a ƙasa. Duk inda ya bi, gulbi mai lanƙwasa yake fitowa. Lissafinsa daidai, na injin daban. Ya zargi katunan, ya ɗaga su ɗaya-ɗaya yana hasko ramukan da rana. Ya zargi alƙalamin Zariya. Har abokinsa na jirgi ya tambaya ko kwalin ya taɓa faɗuwa, mutumin ya yi fushi, sai da Inna ta aika masa da fura aka shirya.

Ita Inna ba ta cika magana a kan aikin ba. Rana ɗaya kawai na ji ta ce, "Malam, in abin nan ya ƙi, ka ja da hannunka mana. Ruwa ba ya jiran jirgi."

Ya ce, "In na ja da hannu, ba wanda zai ɗaga ko tukunya."

Daga ƙarshe ya yanke shawarar kashe tafiyar jirgi guda ba don zane ba. Ya umarci injin ya bar alƙalami, ya rubuto masa lambobin da yake amfani da su kafin ya ja kowane layi. Kafin amsar ta dawo aka yi ruwan farko, ƙamshin ƙasa ya tashi, maƙwabta na ta murna suna fito da iri. Baba na tsaye a ƙofar ɗaki yana kallon indararo kamar an yi masa mutuwa.

Lambobin suka zo. Ya duba, ya ga abu ɗaya: duk awon nisa ya dawo ba gutsure. Inda ya auna ɗaya da rabi, injin ya ce ɗaya. Inda ya auna biyu da kwata uku, ya ce biyu. Wani abu na yar da ragowar, shi ya sa gulbin ke tafiya da tsalle. Amma me? Ya wuni da tambayar. Washegari muna cin abincin rana, ya kai loma bakinsa, sai hannun ya tsaya.

"Nisa," in ji shi. "Ni na ce mashi nisa."

Inna ta ce, "Mi?"

Ashe a yaren da ake yi wa injin umarni, kowane awo sai ka raɗa masa suna. Kuma akwai ƙa'ida: sunan da ya fara da wasu 'yan haruffa, har da N, injin na ɗaukarsa cikakkiyar lamba, ya datse duk abin da ya ɗoru a kai. An koya wa Baba wannan tun yana kwas. Amma da ya zo rubuta nasa, da Hausa yake tunani, sai ya sa wa awon suna NISA, bai ko kalli harafin farko ba. Ko hannu bai wanke sosai ba ya nufi makaranta. Duk katin da ke da NISA ya sake huda shi da TAZARA, don T ba ta cikin waɗancan haruffan.

Naɗin da ya biyo baya, gulbin ya kwanta a takarda yana lanƙwasa kamar maciji a rairayi. Baba ya duƙa a kansa. Ya bi shi da yatsa tun daga sama har ƙasa, sannan ya shiga ɗaki ya yi barci da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba.

Da ni aka je ƙauye. Gero ya riga ya fito, gulbi ya fara ja. Aka shimfiɗa taswirar a ƙofar gidan dagaci, dattawa suka kewaye ta, kowa na neman gidansa. Gidan Kaka na cikin jan layi tsundum, shi ne ma na farko. Wannan ya kashe bakin masu cewa za a yi son kai. Kaka ya daɗe yana kallo, amma na lura ba takardar yake kallo ba. Ɗansa yake kallo, da wuyan rigar da ya yi masa yawa.

"A ɗauke rumbunan," in ji Kaka. Da muka keɓe a zaure ya ƙara da cewa, "Ni ban iya karatun takardarka ba. Wuyanka na gani. Abin da ya ramar da kai haka, ba wasa ba ne."

Ba kowa ya tashi ba. Ruwan ya zo can ƙarshen damina, ya cinye unguwar kwari, har da ɗakin da aka haifi Kaka. Ba a rasa rai ba, hatsin waɗanda suka hau tudu ya tsira. Ta gefen rijiya kuwa ruwan ya ƙetare jan layin ya shiga gidaje biyu da taswira ta ce lafiya. Mutane na yi wa Baba barka, shi yana tsaye a wurin, wando a naɗe, yana cewa sai ya sake awo.

Yau babu kowa a ƙauyen. Ba gulbi ne ya tashe su ba. 'Yan bindiga suka matsa, mutane suka watse, wasu Zurmi, wasu Shinkafi, wasu nan Kaura a ɗakunan haya. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Kwanan baya ɗana ya buɗe masa wayarsa ya nuna masa ƙauyen daga sama, cikin ƙiftawar ido, ba kati, ba jira. Baba ya kai wayar dab da fuskarsa. Ya ce a matso da tudun. Aka matso. Ɗakuna ne ba rufi, ciyawa ta cinye hanyar masallaci.

Ya miƙo wayar, ya gyara zama, ya sake gyarawa. Sannan ya juyo wajena ya ce, "Yaushe hanya za ta yi kyau? Ina so a kai ni in gani da idona."

Na ce masa in Allah ya yarda. Shi ma ya san ba ni da ranar da zan ba shi.